Shekara Sha Takwas Da Sunan Aro

Da sunan Allah nake farawa. Masu karatu, ina gaishe ku, manya da yara. Wata yarinya ta rubuto mini wai mu mutanen da ba mu san zafin soyayya ba, tunda ba mu da wayar da za a ga saƙonka a ƙi amsawa. Na yi dariya har na ƙware. Ɗiyata, gyara zama. Yau zan ba ku labarin sati ɗaya cikin watan Yuni na 1992, wanda ko 'ya'yan cikina ban taɓa ba su shi duka ba.

Lokacin na gama metiriz, wato digirin shekara huɗu, a fannin tattalin arziki a jami'ar Yamai. Gwamnati ta turo ni Illela aikin bautar ƙasa, ina koyar da lissafi a kwaleji. Ɗaki ɗaya aka ba ni a bayan gidan wata tsohuwa. Katifa bisa tabarma, akwatin ƙarfe shuɗi, risho, rediyo mai batir huɗu, kwano ɗaya, cokali ɗaya. Atamfofina uku suna rataye a ƙusa, ina juya su kamar yadda ake juya masa a tanda. Matan unguwa Madam suke ce mini, su gaishe ni daga bakin ƙofa su wuce, ba wadda ta taɓa cire takalmi ta shigo. Malaman makaranta duk maza ne, in an tashi su nufi wurin shayinsu ni in nufi ɗakina. Wallahi akwai Lahadin da nake wuni ban ji muryata ba sai a salla.

Abu ɗaya ke sa ni ƙirga kwanaki: wasiƙun Malam Issaka.

Bari in gaya muku ko wane ne shi. Malamina ne a jami'a, shi ya koya mana ilimin kuɗi da banki. Ɗan Malbaza ne, ubansa ya tsufa yana ɗora buhunan siminti a kamiyo, wato babbar mota, har ƙirjinsa ya lalace. Daga lakwal ɗin Malbaza, wato firamare, ya tafi lise, babbar sakandare, a Tawa, ya yi Yamai, ya yi Dakar, ya ƙetare teku ya dawo da dakta. Bankuna biyu suka neme shi da mota da gida, ya ce shi alli zai riƙe. Dogo ne siriri, kullum farar riga mai gajeren hannu da alƙaluma biyu a aljihu. Ɗalibai tsoronsa suke kamar me. Na gani da idona ya mayar wa wani ɗalibi takardunsa saboda ya rage shekara ɗaya a ranar haihuwarsa. Yakan ɗaga takardar jaka ɗaya a aji ya ce, "Wannan takarda ce kawai. Sa hannun da ke jikinta shi ne kuɗin. Ranar da sa hannu ya yi ƙarya, ku kunna wuta da ita."

To wannan mutumin ne, sai da na gama jarrabawar ƙarshe na fita daga hannunsa, sannan ya tare ni a bakin ofis yana kallon takalminsa ya ce yana son sanin gidanmu. Ni kuwa, kada in ɓoye muku, na fi shekara biyu ina son shi ina danne zuciyata.

Ranar Asabar wasiƙarsa ta iso, ambulan ya yi kauri. Ban buɗe a makaranta ba, sai da na shiga ɗaki na sa sakata.

"Hauwa," ya rubuta, "wata jami'a a Dakar ta buɗe gurbi biyu ga 'yan ƙasarmu, karatun gaba da metiriz a fannin kuɗi. Na duba duk waɗanda na koyar, ke ce ta fari. In kin gama shi sai dakta, kuma sashenmu bai taɓa samun malama mace ba. Ga abin da suke nema a dosiye, wato takardun neman gurbin. Motar posta ta ƙarshe da za ta kai shi kan lokaci za ta bar Ƙonni ranar Laraba da sha biyun rana. Ina Malbaza hutu, zan kawo miki wasiƙar shaidata da hannuna. Sauran maganar kin san ta: Jumma'a kawunnaina za su je wurin Baffa."

Na zauna bisa akwati na karanta jerin. Takardun sakamako na shekara huɗu, ina da su. Kwafin bak, wato shaidar gama sakandare, da lisans, digirin shekara uku, da metiriz, duk da hatimi, ina da su. Hotuna huɗu. Takardar likita. Wasiƙun shaida biyu, ɗaya dole daga malamin fannin kuɗi, kuma a duk jami'ar shi kaɗai ne. Kada shekaru su wuce ashirin da shida, a takarda kuwa shekaruna ashirin da shida cif, ke nan bana ko babu. Sai layi na ƙarshe: takardar zama ɗan ƙasa, wadda muke ce wa nasiyonalite. Ita kuwa kotu ba ta ba da ita sai ka kai takardar haihuwar ubanka.

Na sake karanta layin nan sau biyu.

Masu karatu, ni ba Hauwa ba ce. Kuma Yero da ke rubuce a duk takarduna ba shi ya haife ni ba.

Mu Fulani ne, rugarmu tana yamma da Illela. Ubana Jaje ya kora shanu kudu shekarar babban fari, ba shi ba shanun, sai labari. Uwata kuma ta rasu kafin damina. Na rage hannun kakata Nene da ƙanen ubana, Baffa Yero. A 1974 ɗan sarki ya zo da mushen lakwal, wato malamin makaranta, da takarda, an ce kowane gida a ba da yaro ɗaya, kuma sunan da ya fito a gidanmu Hauwa Yero, ɗiyar Baffa. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, a lokacin in an rubuta yaro lakwal kuka ake kamar an yi mutuwa. Uwar Hauwa ta faɗi tana birgima. Baffa ya dubi ɗiyarsa, ya dube ni. Ni ba ni da uwar da za ta yi birgima.

Nene ce ta wanke ni, ta ɗaura mini zanen Hauwa, ta riƙe kunnena ta ce, "In an ce Hauwa, ki ce na'am. In kinka manta, jandarma za su kama Baffanki." Daga ranar aka hana kowa kiran sunana na yanka, kada bango ya ji. A ruga sai aka koma ce mini 'Yar Lakwal. Nene kaɗai ke raɗa mini Amina in tana yi mini kitso, ta rasu ina aji uku. Ba mu kaɗai muka yi haka ba, gidaje da yawa sun yi musanya. Sai dai yaran nasu kan gudo bayan shekara biyu magana ta mutu. Ni ce kan tsiya ya ƙi tsayawa.

Lahadi da sassafe na saka baƙin zane da mayafi, na cire agogo na bar shi a ɗaki, na taka zuwa ruga. Na tarar da Baffa ƙarƙashin aduwa yana tufka igiya. Shekara biyu ke nan da ya sauke farali, ya bar gemu, carbi ba ya barin hannunsa. Na durƙusa daga nesa.

"'Yar Lakwal, ke ce da rana haka?"

"Ni ce, Baffa."

Muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi bisashe. Sannan na kawo maganar a hankali, na ce takardarsa ta haihuwa da aka yi masa lokacin tafiya Makka nake son aro, wuni ɗaya tak.

"A yi mi da ita?"

"A kai kotu a Ƙonni, su rubuta ni 'yar ƙasa ce."

"Su rubuta ke ɗiyar wa?"

Ya ajiye igiyar.

"Ni na yi wanga laifi, ban ɗora wa kowa ba," ya ce. "Amma na taɓa Ɗakin Allah da hannun ga. Can na ji malami na cewa wanda duk ya jingina ɗa ga wanda ba ubanshi ba, ya ɗauki kaya. Jaje ya tafi bai bar saniya ba, bai bar ɗa namiji ba. Ke ɗai ya bari, ni kuma na goge sunanshi bisa kanki. Gobe ƙiyama in ya tambaye ni, in ce mishi mi?"

"Baffa, wannan karon kaɗai. In ya wuce bana, ba a sake ɗaukata."

"Karatun bai isa ba? Sa'o'inki na da ɗiya huɗu. Mutum ya fito yana son ki, ki zauna mana."

"Shi ne ma ya ce in tafi."

"To shi tafi da ke da sunan ubanki. Kuma ki ji da kyau, Jumma'a in mutanenshi sunka zo, ɗiyar Jaje za ni ba su. Ba ni ɗaura aure bisa ƙarya."

Na so in ce masa lokacin da yake neman wadda zai miƙa ai bai tuna da Jaje ba. Maganar ta zo har bakina na haɗiye, don ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Na tashi idona na zafi. Har na juya sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Takardar ma ba ta wurina. Gara na cin kaya nan. Tana wurin Hauwa."

Har yau ban san ko gaya mini ya yi don in fid da rai, ko hanya ya nuna mini ba.

Litinin da hantsi ina cikin aji sai ga saƙo daga posta, wai za a kira Madam Hauwa ƙarfe huɗu. Ku da kuke kwance kan gado kuna hira da samari, ku ji yadda tamu wayar take. Waya ɗaya ce a gari, cikin wani akwatin katako marar ƙofa, ma'aikacin posta na zaune taku biyu yana yi kamar yana buga hatimi, kunnensa kuwa duk yana wurinka. Na je tun uku da rabi da atamfata mai ganyen kore, kamar zai gan ni.

"Alo, Hauwa? Kina ji na?"

"Ina ji, Malam."

"Dosiye ya cika?"

"Saura nasiyonalite."

"Wannan ai aikin awa ɗaya ne. Takardar Baffa kawai za ki kai. Akwai matsala?"

"Babu."

"Muryarki ta ce akwai."

"Layi ne ba kyau."

Ya yi 'yar dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. "Na rubuta wasiƙar jiya. Sau uku ina sakewa. Tsohona ya ce tunda yake bai taɓa ganin na daɗe kan takarda ɗaya haka ba."

Na ajiye kan wayar. Ma'aikacin posta ya ce, "Madam, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, na fita.

Washegari na nemi izini na hau a-kori-kura zuwa Badaguishiri. Can Hauwa ta gaskiya take aure, mijinta ya bar kiwo tun farin 84 ya kama lambu a fadama. Na same ta a tsakar gida tana tsince albasa, goyo a baya, hannu duk ƙasa. Tana ganina ta saki guɗa.

"Lale da ɓarauniyar suna! Yau wace iska ta kwaso Madam?"

Haka take, ba ta taɓa riƙe ni a zuciya ba, sai tsokana. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura da nono mai kauri ta ce in sha in yi ƙiba, wai boko ya tsotse ni na zama kamar sandar kiwo. Na sha, na gaya mata komai, har maganar Baffa. Ta saurara tana jijjiga goyonta. Da na gama ta shiga ɗaki, na ji ƙarar akwati, ta fito da wata jakar fata ta ajiye a cinyata.

"Ga ta. Ki maido kafin tsoho shi tambaya."

"Hauwa, Baffa ya hana."

"Sunanshi ne ko nawa? Nawa ne. Ni ka ba da aro." Ta zauna ta ja kwandon albasa. "Kin san shekarar da kinka ci bak? Ina tatsa, rediyon maƙwabta na kiran sunayen waɗanda sunka ci. Sai na ji an ce Hauwa Yero, Tawa. Wallahi ƙwaryar ta suɓuce mini. Na san ke ce, amma sai da na yi rawa ni kaɗai cikin garke. Na ce yau duk ƙasar ga ta ji sunana. Sannan na zauna na yi kuka, ban san na mi ne ba." Ta share hanci da bakin zane. "Ki kai shi Dakar. Ni ko Yamai ban taɓa gani ba, shi dai sunan shi gano mini teku."

Can na ce, "Wataƙila in gaya wa Malam gaskiya, a gyara takardun, in koma sunana."

Ta dube ni kamar na zautu. Ta sake tashi ta ɗauko wani ɗan kati mai launin ƙasa, katin ƙungiyar masu lambu, da hotonta a manne. Ita ba ta iya karantawa, ni na karanta: Amina Jaje.

"Tun da anka ɗauke ki, littafin iyali na buron gwamnati ya nuna Hauwa na lakwal, Amina na gida. To da shi anka ba ni fili, da shi anka yi wa yaran ga takardu. Sunanki na nan lafiya lau, yana noman albasa." Ta karɓe katin. "In kinka ce a gyara, sai an tono tsoho, a tono ni, a tono ɗiyana huɗu. Shekara nawa ke nan? Ki ji shawara. Ki aika takardunki tukuna, in mota ta tashi ki gaya mishi. Nonon da ya shiga ƙwarya ba ya komawa hantsa."

A motar dawowa na rungume jakar fatar nan ina kallon fadama. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Sunan da nake amsawa na wata ne, wanda aka raɗa mini ma ashe yana da mai shi.

Laraba tun da safe ina Ƙonni. Na saka atamfata mafi kyau, ruwan goro mai zanen tsuntsaye, da farin mayafi da takalmi mai ɗan tudu. A kotu ban daɗe ba. Magatakarda ya karɓi takardar Baffa da tawa, ya manna tambur, wato kan sarki, ya buga a keken rubutu da yatsa biyu, aka shiga da ita aka fito da sa hannu da hatimi. Ko kallona bai yi ba. Abin da ya hana ni cin abinci kwana huɗu, ga shi a hannuna kafin ƙarfe goma.

Sha ɗaya da kwata Malam Issaka ya sauko daga gaban wata kamiyon siminti a bakin posta, yana kakkaɓe farin ƙura daga wandonsa. Farar rigar nan dai, alƙaluma biyu. Da ya gan ni sai ya gyara tabarau, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma, Malam."

Muka zauna a bencin cikin posta, tazarar mutum ɗaya tsakaninmu. Ya karɓi dosiyen yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana sa alama a jerin da jan alƙalami, kamar yadda yake gyaran jarrabawa. Sakamako. Hatimi. Hotuna. Likita. Nasiyonalite. Ya gyaɗa kai. Sannan ya zaro nasa ambulan daga jaka, a liƙe, ya sa hannu a kan bakin liƙin. Ya zura shi cikin babban ambulan ɗina.

"Ba a nuna wa ɗalibi abin da aka rubuta," ya ce. "Amma layi ɗaya zan gaya miki, don na haddace shi. Na ce musu na san Hauwa Yero shekara huɗu, ban taɓa samun ta da ƙarya ko a lamba ɗaya ba, kuma na jingina sunana a kan nata."

Wayyo Allah. Da ya yi shiru da bakinsa, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. Ma'aikaci ya jawo buhun wasiƙu ya buɗe bakinsa. Muryar Hauwa na cewa aika tukuna. Malam ya miƙo mini ambulan ya ce, "Lasa ki liƙe da kanki, naki ne."

Na riƙe shi. Na kai bakina. Na kasa.

"Malam, sunana ba Hauwa ba ne."

Ban ɗaga kai ba har na gama. Na gaya masa fari, da Jaje, da zanen da Nene ta ɗaura mini, da katin masu lambu mai ɗauke da sunana na yanka. Na gaya masa takardar Baffa da ke cikin jakata ba da yardarsa na ɗauko ba. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na kai ƙarshe sai ya yi tambaya.

"Shekara nawa gare ki lokacin?"

"Bakwai."

"Wancan ba laifinki ba ne." Ya sa yatsa a kan nasiyonalite. "Wannan fa, ta yaushe ce?"

"Ta yau da safe."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Kin san da kin bari buhun nan ya tafi, ba abin da zan iya yi?"

"Na sani."

"Kin san babu wani malamin kuɗi da zai rubuta miki? Kin san bana ce ta ƙarshe?"

"Na sani, Malam."

"To don me?"

"Ka ce ka jingina sunanka a kan nawa. Ni kuwa ba ni da inda za ka jingina shi."

Ma'aikaci ya ɗaga murya, "Masu aikawa Yamai da waje, za mu ɗaure buhu!"

Na dube shi, ina roƙonsa da ido, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina son Dakar kamar raina. Na ga hannunsa ya tsaya a kan ambulan, ya daɗe, jijiyar wuyansa na motsi. Na ce a zuciyata so zai rinjaya. Sai ya zura yatsa biyu ya zaro wasiƙarsa, ya ninke ta, ya saka a aljihu bayan alƙaluman nan.

"Ba zan iya ba," ya ce. "In na bar ta, gobe ban san da wace fuska zan shiga aji ba."

Aka ɗaure bakin buhu da igiya, aka ɗiga jan danƙon hatimi, wani ya saɓa shi a kafaɗa ya fita. Na ji motar ta tashi. Shekara sha takwas na karatu, da fitila, da kwanan makaranta, da hutun da nake yi ba mai zuwa ɗaukata, duk suna cikin ambulan a cinyata, bakinsa a buɗe. Dakar dai ban je ba, masu karatu, har yau ban ga tekun nan ba.

Na tattara takarduna. Haushinsa nake ji, kuma na san da ya bar wasiƙar da ya ragu a idona. Na gyara mayafi na fita cikin rana, na nufi tashar Illela, ina tunanin ɗakina da kwano ɗaya da cokali ɗaya, da yadda zan mayar wa Hauwa sunanta ban kai mata shi ko'ina ba.

Ina cikin tafiya na ji wani yana kiran wata mata a bayana. Ban kula ba, bakin posta ne, mutane da yawa. Ya sake kira, na ci gaba da tafiya, har ina cewa a raina wannan mata kurma ce ko me. Sai a na uku, da muryar ta matso har ina jin hakinsa, ƙafafuna suka tsaya da kansu.

"Amina!"

Tun ranar da aka rufe Nene ba wanda ya kira ni da shi. Na waiga. Yana tsaye tsakiyar titi, tabarau a hannu, wasiƙar na leƙowa daga aljihunsa. Na buɗe baki in ce na'am, sai na tarar ban san yadda ake amsa shi ba.